Ranar da Butar Kawu Ta Ƙi Fito

A ƙungiyarmu ta taimakon unguwa babu agogo, kuma wallahi ba ma neman sa, tunda muna da Kawu da butarsa. Duk Laraba da yamma muke haɗuwa a wani ɗaki da ke bayan shagon Mai Bulo, rabinsa buhunan siminti da baro, rabinsa kujerun roba da ba za ka sami biyu masu launi ɗaya ba. A nan ake yanke aikin da za mu fita yi ranar Asabar, ko yashe kwata, ko fentin aji, ko duba marasa lafiya. Dokar magana kuwa guda ce. In ka miƙe, Kawu zai zuba ruwan sanyi kofi ɗaya a butar shayi mai usur a baki, ya ɗora a murhun gas. Da ta yi fito, ko kana tsakiyar kiran sunan mahaifinka ne, sai ka nemi kujerarka. A juye ruwan a filas, a zuba sabo don na gaba. Shi ya sa ranar da aka fi cacar baki, ranar muke shan shayi har mu ƙoshi.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ni kuma tela ce, shagona yana kallon rumfarsa. Tun ina ƙarama nake ganinsa a wannan rumfa, risho da murhun gas sun kewaye shi, hannu baƙi ƙirin, da 'yar waya a bayan kunne ta zungurar hancin murhu. Allah ya ba shi hannu, amma ya ɗaure masa harshe. I'inarsa ba irin ta wasa ba ce. In kalma ta maƙale masa sai ka ga jijiyar wuyansa ta tashi, ido ya rufe, ƙafa tana dukan ƙasa, har kai mai sauraro ka fara gumi. Masu kawo gyara duk sun saba. In ya girgiza kai, murhu ya mutu. In ya ɗaga gira, dawo gobe.

Bakinsa kuwa Inna ce, matarsa. Ita Allah ya ba ta na mutum uku. Ya fara kalma ta ƙarasa masa, wani lokaci ma ta ƙarasa da abin da ba shi yake nufi ba, in ya harare ta ta ce ai nata ya fi daɗi. Ita ta ja shi zuwa ƙungiya. Da aka zo rabon aiki, tun ba a rufe baki ba ya wuce kusurwa ya rungume buta, don ya lura mai buta a baya yake zama, ba a tambayarsa ra'ayi.

To amma fa kada ka ɗauka ba ya magana. Da wuta yake yi. In wani mai jin kunya ya tashi yana rawar murya, sai ka ga Kawu ya rage wutar har ta koma kamar ta mutu, bawan Allah ya faɗi abin da ke ransa a tsanake. In kuwa Rediyo ne ya miƙe, sai ka ji murhu ya yi gurnani. Rediyo mai kemis ɗin bakin kasuwa ne, mutumin kirki, ba ya ƙin fita aiki, sai dai ko maganar tsintsiya ake yi daga tarihin kafa ƙungiya yake ɗaukowa. Bai taɓa isa ga abin da ya tashi faɗa ba buta take katse shi. Ya kai ƙara wajen Shugaba ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Shugaba tsohuwar hedimasta ce, ba ta dariya a bainar jama'a. Kullum sai ta gyara tabarau ta ce ya kawo shaida. Ina shaida! Duk ɗakin sai kowa ya kama kallon silin.

Muna cikin wannan daɗi ciwo ya faɗa wa Inna. Ɓarin jikinta ya shanye, harshenta ya yi nauyi. An samo mata keken marasa lafiya, amma ina amfaninsa? Gidansu a can ƙuryar lungu yake, kwata ta ratsa tsakiyar lungun daga farko har ƙarshe, gefe da gefe ɗan tudu ne da mutum ɗaya ke bi a karkace. In za a je asibiti sai an tara ƙarti su cicciɓe ta da keken gaba ɗaya, yara suna leƙe. Da aka yi haka sau kaɗan, ta rantse ita ba buhun gawayi ba ce, ba mai sake ɗaukar ta. Matar da ba ta iya wuni a gida ta koma tsakanin gado da tsakar gida. Ni da nake zuwa yi mata kitso na ga yadda take ramewa, kuma ba ciwon ne kaɗai ke cin ta ba.

Ana nan sai Mai Bulo ya kawo albishir. Wani aiki da ya yi ya bar masa ragowar siminti da fale-falen kankare, ya ce ya ba ƙungiya, amma aiki ɗaya kawai za su isa, kuma a yi shi kafin ruwa ya sauka, don in damina ta kankama ba mai zuba kankare. Ɗaki ya kaure. Kowa ya san Rediyo ya daɗe yana mafarkin rumfar jiran mota a gaban asibitin unguwa, kuma maganar gaskiya aiki ne mai kyau. Ni kuwa da na ji an ce fale-fale, lungun su Inna kawai nake gani an rufe kwatar nan, keke yana tafiya sumul. Na waiga kusurwa. Kawu ya ƙura wa buta ido, ruwa yana malala daga kofi bai sani ba.

A hanyar gida na tare shi, na ce ya bar min, ni zan tashi in yi maganar, bakina ai ba a ɗinke yake ba. Ya girgiza kai. Na san dalili. A ƙungiyarmu mai buƙata shi ke faɗa da bakinsa, ba a aike, kuma Inna ce da kanta ta kafe sai da aka sa wannan doka. Na yi faɗa, na yi magiya, na ce doka ai mutane suka yi ta. Ya bar ni na gama, ya nuna ƙirjinsa da yatsa, ya shige lungu.

Duk satin nan ɗinki ya gagare ni. In na ɗaga kai sai in hango shi ya jera tukwanen gas a gabansa yana yi musu jawabi, leɓe yana rawa, ƙafa tana dukan ƙasa. Hannun rigar wata amarya sai da na ɗinke shi a baibai.

Ranar Laraba ɗakin ya cika har bakin ƙofa, wasu a kan buhunan siminti suka zauna. Rediyo ya zo da babbar riga da zanen rumfarsa a kwali. Shi ya fara tashi. Na yi ta yi wa Kawu alama da ido, don Allah yau dai a yi wa mutumin nan adalci, muna neman alfarma. Ina! Hannun da ya saba ya riga kai tunani. Rediyo na cewa "Kamar yadda kuka sani, lokacin da aka kafa wannan ƙungiya", sai murhu ya yi gurnani. Ko kwalin bai gama warwarewa ba buta ta tsala fito. Aka tuntsire da dariya, ya zauna yana huci.

Shugaba ta tambaya ko akwai wani. Sai ga Kawu a tsaye. Dariyar ta ɗauke ɗif. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ganin sa a tsaye a ɗakin nan sai in zai miƙa shayi. Shugaba ta cire tabarau ta goge ta mayar, sannan ta ce mai magana ba ya riƙe wa kansa buta, don haka wanda ya gama magana yanzu shi zai karɓa.

Wanda ya gama magana yanzu! Rediyo ya miƙe a hankali, ya naɗe hannun babbar riga, ya taka zuwa kusurwa yana murmushi. Ya zuba ruwa, ya ɗora, ya murɗa. Wallahi ƙarar da murhun nan ya yi ko Kawu bai taɓa sa shi ya yi ta ba, wuta har tana lasar hannun buta. Na yunƙura zan tashi in wanke shi tas, Mai Bulo ya danne min kafaɗa.

Kawu ya buɗe baki, kalmar farko ta ƙi fita. Ya rufe ido, ya doki ƙasa, ya sake dukan ta. Ba abin da kake ji sai murhu. Ni dai kunnena yana kan buta, ina jiran fiton da zai kashe mu.

"Ma... ma... matata," ya samu ta fito da ƙyar. Ya huta, ya share gumi. Daga nan ya riƙa ciro su ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ya yi kokawa da ita. Ya faɗi lungu, ya faɗi kwata, ya faɗi keke. Ya ce ba gidansa kaɗai ba ne, akwai tsofaffi a lungun, akwai mai ciki. Na ce a raina yanzu buta za ta yi fito. Ba ta yi ba. Ya ci gaba.

"Duk La... Laraba tana jirana. Ta ce wa ya zo, wa ya yi fa... faɗa, me Rediyo ya ce. Ni ban iya ba da la... labari ba. Kafin in kai ƙarshe ta gaji, ta juya bango." Ya dube mu. "Ku fito min da ita, ta ji da ku... kunnenta."

Na fashe da kuka, ban kuma ji kunyar kowa ba, don ba ni kaɗai ba ce. Shugaba ma tabarau ɗin nan ya sake sauka.

Sai muka ji ƙauri. Aka waiga kusurwa, hayaƙi yana tashi, gindin buta ya yi ja, ruwa ya daɗe da ƙonewa. Rediyo yana tsaye ƙiƙam, ya dunƙule hannu ya matse a hammata, hawaye yana zuba. Kawu ya yi tsalle ɗaya ya kashe wutar. Da aka buɗe hannun Rediyo, ga usur ɗin bakin buta a tafinsa, fata ta tashi ta yi bororo.

Ashe bawan Allah tun da aka haife shi bai taɓa kunna murhu ba. Rage wutar ya je yi, ya murɗa ta inda ba nan ba, ta tashi, ya rasa yadda ake mayar da ita. Da ya ji buta ta fara shirin fito sai ya sa hannu ya fizge usur ɗin da zafinsa. Kuma ya ƙi yin ko tari, kada ya katse mai magana. Rediyo fa! Mutumin da ko a layin asibiti sai ya yi wa na gabansa lacca.

Kawu ya ɗaga butar ya leƙa, ana hango fitila ta gindinta. Ya dubi Rediyo ya ce, tiryan-tiryan ba ko gargada, "Ka ƙona min buta."

Rediyo ya ce, "Kai ma ka daɗe kana ƙona ni."

Ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya, masu kuka suna dariya, masu dariya suna tari saboda hayaƙi. Da Shugaba ta ce masu goyon bayan aikin lungu su ɗaga hannu, hannun da ya fara tashi shi ne mai bororo. Rumfar mota aka ce ta jira rani.

Asabar ɗin nan ba zan manta da ita ba. Tun da hantsi lungu ya cika, baro yana shiga yana fita, mu mata muna jigilar ruwa, Mai Bulo yana ta faɗa wai mun cika wa siminti ruwa. Mutanen lungu da ba 'yan ƙungiya ba suka fito da shebur ɗinsu. Rediyo da hannu a naɗe da bandeji ya hau kan tulin yashi yana ba da umarnin da ba mai bi, babu kuma buta da za ta tsayar da shi. Inna tana daga tsakar gida tana jin mu, ta aiko a gaya masa ya rage murya, marasa lafiya suna hutawa.

Da kankare ya bushe, ranar Laraba ni na yi mata kwalliya, na ɗaura mata ɗankwalin da na ɗinka musamman. Kawu ya turo keken tun daga ƙofar gida har titi, ba wanda ya taɓa shi. A bakin lungu ta sa ya tsaya, ta daɗe tana kallon motoci da masu talla, sannan ta ce ya yi sauri kada a fara ba ita.

Aka tarbe ta da tafi, aka matsar da kujeru. Rediyo ya kawo sabuwar buta fil a kwalinta ya ajiye a kusurwa. Ana buɗe taro Inna ta ɗaga hannunta mai lafiya, Shugaba ta ba ta dama. Harshen ya yi nauyi, kalma tana fita da jan ƙafa, amma tana da bayani a kan kowa, ta kuma fara da Rediyo. A wani wuri kalma ta maƙale mata, ta juya tana neman Kawu. Daga kusurwa ya ƙarasa mata ita, da i'inarsa da komai. Ta harare shi ta ce ba haka take nufi ba, ya ɗaga gira.

Na saci kallon murhu. Kawu ya zuba ruwa, ya ɗora sabuwar buta daidai yadda doka ta ce, ya zauna ya harɗe hannu, murhu a kashe, ashana tana cikin aljihunsa. Ranar har muka tashi ba wanda ya sha shayi, ba kuma wanda ya tambaya.