Yadda Tuwon Yaya Sule Ya Koma Ruwan Koko

Bana shekara tara ke nan da muka kai Yaya Sule makwancinsa a ƙauyenmu na gefen Ɗanbatta. Har yau idan na ga mutum ya kai loma baki ya tsaya yana dukan ƙirji, sai in tuna da shi.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, manomin gero da gyaɗa, kuma gwanin cin tuwo. Mukan tsokane shi cewa malmala biyu wankin baki ne a wurinsa. Da tuwo ya fara tsaya masa a ƙirji, ba wanda ya kira abin ciwo. Matarsa Hajara ta sassauta tuƙi. Da mai laushin ma ya ƙi wucewa ta koma dama masa kunu, daga kunu sai koko, daga koko sai ruwan koko. Duk sanda aka tsinka abincin ya wuce, sai mu ce alhamdu lillahi, sauƙi ya samu. An kira wanzami ya duba belu, an jiƙa saiwoyi. Sai da ruwa ma ya fara dawowa aka ɗauki shatar mota zuwa Kano. Likita ya ce ciwon daji ne a hanyar abinci, kuma ya riga ya yi nisa.

'Yarsa Bilkisu yanzu tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Kano. Da ta zo gida da sallah na tambaye ta wai mene ne ainihin abin da ya cinye ubanta. Ta ce ƙwayoyin halittar jiki suna aika wa juna saƙo: a hayayyafa, a dakata. A hanyar abincinsa saƙon a hayayyafa ne ya ƙi yankewa, har tsiro ya toshe mashiga. Masu bincike yanzu suna neman daidai inda saƙon yake bi su datse shi da magani, kamar yadda mai lambu yake toshe hanyar ruwa da ƙasa.

Na san abin da Yaya Sule zai ce da yana raye: "To a toshe mana, me ake jira?" Ni ma haka na ce. Bilkisu ta girgiza kai. "Baffa, da yawa ana kan bincike tukuna. Abin da ke hannunmu shi ne a zo da wuri, tun tuwo yana wucewa."

Ban gaya mata ba, amma tun kaka tuwo ya fara yi mini gardama. Yakan tsaya, in kora da ruwa, in waiwaya ko wani ya gani. Tsoro nake ji, ba ɗan kaɗan ba. Ina tsoron a duba a gani, ina kuma tsoron in zauna.

Yaya Sule ya bar gona, ya bar 'ya'ya, ya bar mini sanin hanyar nan daga farkonta har ƙarshe. Shekaranjiya matata Saude ta ajiye mini akushi, na buɗe na ga tuwon ya yi ruwa-ruwa, alhali ban roƙe ta ba. Ta kawar da kai, ta ce garin ne bai kama ba. Haka Hajara ta ce a wancan lokacin.

Na rufe akushin, na kira Bilkisu na ce ta jira ni a tasha ranar Litinin.