Gonar Ilu da Jirgin da Ke Ƙasan Teku

Bana shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar kakana, Malam Ɗanbaro, a ƙauyenmu na yankin Gidan Rumji. Allah Ya jiƙansa, ya tafi ya bar mu da gonar da ba mai ikon taɓawa.

Suna samari, shi da wansa Ilu suka guje wa aikin tilas na Faransawa, suka tsallaka Katsina. Gudun bai yi musu rana ba, don can ma soja aka ɗebe su, aka tura su yaƙin gabas. Wata rana da hantsi jirgin ruwansu na tsaye a tasha, jiragen saman Japan suka yi musu ruwan bama-bamai. Kaka ya faɗa teku, aka tsamo shi. Ilu kuwa yana can ɗakin ƙasa, jirgin ya nutse da shi. Ban taɓa jin harin nan a rediyo ba, balle a lakol, wato makaranta, sai a bakin Kaka.

Da ya komo gida, ya hana a yi wa Ilu addu'ar mamaci. "Wa ya ga gawarsa? Ku nuna mini kabarin!" Duk damina shi ke nome gonar Ilu, ya zuba geron a rumbu dabam. Nakan tsokane shi: "Tsoho, ƙwari dai kake kiwo." Sai ya harare ni: "Ja'iri, in ya iso da yunwa, kai za ka ciyar da shi?"

Bayan rasuwarsa gonar ta zama saura. Gida ya cika, ƙasar noma ta ƙaranta, babana da ƙannensa na kallon ta suna haɗiyar yawu, amma kowa na tsoron maganar tsoho.

Bara na ga bidiyo a waya. Masu ninƙaya, da tulun iska a baya, sun shiga wani jirgin soja da Japan ta nutsar. Tsatsa ta ci ƙarfen, kifaye na ratsa tagogi, ga takalma birjik a ɗakin ƙasa. Suka ce ko allura ba za su ɗauka ba, wurin maƙabarta ne. Wallahi ban sani ba ko jirgin su Ilu ne, amma nan take Kaka ya faɗo mini a rai. Da Kaka zai gani, anya zai yarda? Kabarin da ba ƙasa, ba gabas?

Na nuna wa manya, na ce ga kabarin da Kaka ke nema, sai a yi wa Ilu addu'a. Ban taɓa ganin sun amince da magana da sauri haka ba, kuma na san ba tausayin Ilu ba ne. Ya yi mini ciwo. Da muke ce wa Kaka mai taurin kai, ashe shi kaɗai ke riƙe da mutumin nan a duniya.

Ran Juma'a liman ya zo, aka yi wa Ilu addu'ar mamaci, aka raba sadaka, don a samu halin raba gona. Da aka shafa, mutanen gari suka miƙe, suka tsaya suna dube-dube.

Wani dattijo ya ce, "To, wa za mu yi wa gaisuwa?"

Duk taron nan ba wanda ya san fuskar Ilu, ba wanda ya yi rashi.