Gishirin Kabeji da Taɓaryar Shigezo

A ƙauyenmu na gindin dutse, can ƙasar Niigata, in ka ga wata gajeruwar tsohuwa tana sauri kamar an aike ta, hannun damanta jawur har wuyan hannu, to Tsuyako ce. Zafin shinkafa ne ya rina hannun. Tun tana amarya take juya moci, wato curin dakakkiyar shinkafa, yanzu jikokinta duk sun fi ta tsawo, ko da yake fin ta tsawo ba wani aiki ne mai wuya ba.

'Yar masunta ce daga bakin teku. Ranar da aka kawo ta gidan Shigezo, uwar miji ta dube ta sama da ƙasa ta ce wannan ban da kifi ba abin da ta sani. Da ƙarshen shekara ya zo aka fito da turmi tsakar gida, aka juye turararriyar shinkafa mai danƙo tana tururi, Shigezo ya ɗaga taɓaryarsa mai kan guduma, kaurinta ya kai cinyar ƙato. Aikin mai juyi shi ne ta tsoma jiƙaƙƙen hannu tsakanin bugu da bugu, ta naɗe shinkafar, ta zare kafin katako ya sauko. Tsuyako ta durƙusa, ta naɗe, ta ce, "To." Ya buga. Ta naɗe, "To." Ya buga. Uwar miji ba ta yaba ba, amma sai da ta ci uku.

Tun daga nan su biyun ke daka manyan moci na sabuwar shekara, waɗanda ake ɗora ɗaya kan ɗaya a kai wurin bauta na kan tudu. A haka suka haifi 'ya'ya suka aurar, ya yi saiƙo, ta yi furfura, yanar ido ta rufe masa gani, amma taɓarya ba ta taɓa kuskure ba.

Sai bara. Bangon gidajenmu katako ne da takarda, ba sai ka kasa kunne ba, magana ce ke zuwa ta same ka. Da safen ranar daka, Shigezo ya ɗanɗana kabejin da Tsuyako ta jiƙa da gishiri, ya ce, "Inna ba ta cika gishiri haka." Innar nan fa ta daɗe a ƙasa. Tsuyako ba ta ce komai ba, kuma haka ta wuni. A bakin turmi ta juya kamar kullum, amma babu "to". Ashe tsohon ya jima da daina daka da ido, muryarta yake bi. Taɓarya ta sauka a gefen turmi, katako ya ɓare ya shige cikin moci, kuma moci mai tsinke ba ya zuwa wurin bauta. Jama'a suka ce idon Shigezo ya ƙare. Ita ta san gaskiya, amma ta bar ido ya ɗauki laifin baki.

Bana, ana saura kwanaki, Takemura shugaban unguwa ya zo gidan. Ya sha shayi, ya yi hirar dusar ƙanƙara, ya tambayi lafiyar gwiwa, can dai ya ce surukinsa Yoshinobu yana da ƙarfi, kuma Baba ya yi wa ƙauye aikin da ya isa ya huta. Shigezo ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne." Da yammar jajibere Tsuyako ta hango shi ya jiƙa kan taɓarya a bokiti don kada ya tsage, yadda ya saba, yana shafa ƙotar, alhali gobe wani zai riƙe. Abin ya tsaya mata a rai. Ita ke iya yi masa faɗa, amma ba ta yarda ƙauye ya ƙwace masa taɓarya ba.

Washegari aka juye shinkafa a turmi. Yoshinobu ya naɗe hannun riga yana nuna damtse. Tsuyako ta cusa hannuwa cikin rigarta ta tsaya tana kallon sama.

"Kaka, shinkafa na hucewa," in ji Takemura. In ta huce kuwa ba ta dakuwa.

"Ka sa naka hannun mana. Ai surukinka ne, ya fi tausayinka."

Aka yi dariya. Takemura ya waiga wajen mata, kowacce ta ɓoye hannunta.

"Baban yara, taso," ta ce.

Takemura ya rage murya. "Kaka, ba ya gani fa."

"Da can da yake gani, ni yake kallo, ba turmi ba."

Shigezo ya taso yana laluben ƙota, kunnuwansa sun yi ja. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga taɓarya sama. Tsuyako ta durƙusa, ta jiƙa hannu, ta tsoma cikin turmi, ta bar shi a can.

"Yaya ka ji kabejin safe?"

"Yanzu, uwar yara?"

"Yanzu."

Taɓarya na sama. Ba wanda ya motsa.

"Ya yi daɗi."

"In an gwada da na wa?"

"Ya fi na Inna."

"Tsufa ya taɓa mini kunne."

"Na ce ya fi na Inna. Inna, ki yafe ni."

Ta zare hannu. "To."

Taɓarya ta sauka a tsakiyar turmi. "To." Ta sake sauka. Tsuyako ta rage saurin kira daidai numfashinsa, ba wanda ya lura sai ita. Kafin tururi ya ɗauke, moci ya yi sumul kamar kumatun jariri. Yoshinobu, da damtsen nasa, shi aka ba tire ya kai kan tudu, kuma ya riƙe shi da kyau.

Takemura bai sake zuwa shan shayin ba. Tsuyako na nan da jan hannunta, kuma ba ta rage ko ƙwayar gishiri ba. Kowace safiya ana jin Shigezo ta bango yana tauna kabeji yana cewa ya yi daɗi, sannan ya nemi a ƙara masa ruwa.