Tafin da Anselme Roquier Bai Ji Ba

Ina sanar da jama'ar unguwar Ménilmontant da ke babban birnin Faransa, cikin girmamawa, cewa kujerar nan ta kusa da taga a shagon kofi na Madam Yvette ta zama ta kowa. Duk mai so ya zauna. Babu sauran wanda zai tsaya a kansa ya ce, "Malam, kujerar nan da mai ita." Mai ita, Anselme Roquier, ya rasu ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, bayan jinyar huhu da ta kwantar da shi tun shigowar sanyi. Ya haura shekara saba'in.

Mai karatu zai ce wane ne kuma wannan. Ai ka san shi. Shi ne mai gadin bene da ke leƙowa ta labule a fim, shi ne ɗan sandan da ke tare mota, shi ne mahaucin da ke goge hannu ya ce bai ga kowa ba. Sunansa can ƙarshen fim yake fitowa, lokacin da 'yan kallo ke laluben rigunan sanyinsu.

Anselme, washegarin rasuwarka na je wa matarka Solange gaisuwa, muka yi saɓani. Ka san al'adarmu: in ɗan wasa ya rasu, ana tafa masa yayin da ake fitar da akwatinsa daga coci. Solange ta ce kai ma sai an yi maka. Ta ce tsawon aikinka ba ka taɓa jin tafi ba, don lokacin da ake kallonka a silima kana gida kana wanke kwanuka.

Na ce, "Solange, jana'izar ranar Juma'a ce da safe, kowa na wurin aiki. In muka fito da shi ta babbar ƙofa, daga ke sai ni sai Yvette muna tafi, ko tattabaru sai sun yi mana dariya. Akwai ƙofar gefe."

Ta dube ni ta ce, "Lucien, karatu ya yi maka yawa. Ta gaba zai fita. Ko ni kaɗai ce, zan tafa."

Ba raini ne ya sa na faɗi haka ba, kunya nake guje mata. Ni da na shafe rabin rayuwata ina sharhin finafinai a jarida, na san aikinka. Na taɓa rubuta cewa duk Faransa babu wanda ya kai ka iya rufe ƙofa, kuma da gaske nake. Kana da rufewar mai jin haushi, da ta mai gulma, da wata a hankali, ta wanda ya kawo labarin mutuwa. Ranar da sharhin ya fito ka same ni wurin Yvette da jaridar a hannu.

"Sarkin alƙalami, ashe kana kallo? Ni na ɗauka barci kake zuwa yi."

"Barcin nake yi," na ce, "ƙarar ƙofarka ke tashe ni."

Ka biya mini kofi, ka kuma yi wata guda kana gaya wa mutane ka biya.

Amma abin da ya fi girma a aikinka ba ya cikin kowane fim. In aka juya kyamara kan fuskar ɗan wasa ɗaya, abokin maganarsa ba ya fitowa a hoto. Manya kan tafi ɗakin hutunsu, a bar wani ma'aikaci yana karanto maganarsu kamar mai karanta takardar magani. Kai ba ka tafiya. Maëlle Kervran, wadda yau hotonta ke manne a kowace tashar jirgin ƙasa, ta ba ni labarin fim ɗinta na farko. Za ta yi kuka gaban mahaifinta, sai wanda ya fito a matsayin mahaifin ya tafi cin abinci. Kai direban tasi ka fito, ka gama naka tun safe. Ka tsaya gefen kyamara ka yi mata maganar uban, har hawaye na zubo maka. Ta ce, "Baba, ai ba a ɗaukarka." Ka ce, "Ke dai dube ni, 'yata." Haka ka yi wa da yawa, ba ka kuma taɓa ba ni wannan labarin ba, kai da ka cika mini kunne da labarin kofi ɗaya.

Ranar Juma'a an tashi da ruwa. Cocin bai cika ba, na kuma lura da hakan fiye da yadda ya kamata. Aka fito da kai ta babbar ƙofa, hotonka a kan akwatin. Solange ta fara tafi, safar hannunta ta hana a ji, ta cire ta yar a ƙasa ta sake. Maëlle ta kama mata. Sai masu fitilun fim da masu kwalliya da kuka yi aiki tare, tsofaffi duk, wasu da sanda a hammata. Tsallaken titi, masu jiran bas suka juyo. Wata tsohuwa da burodi a hannu ta matso ta tambaye ni, "Wa ya rasu?" Kafin in amsa ta ga hoton. "A'a! Mai gadin nan! Allah sarki." Ta maƙale burodin ta shiga tafi. Bas ta zo ta tafi, wasu ba su hau ba. Direban motar gawa ya kashe injinsa ya jira.

Allah ya ji ƙanka, Anselme, ya gafarta maka, ya sa ka huta. Ya ba Solange da ɗanku Rémi da jikokinka haƙuri, ya ba Yvette da mu abokan zamanka juriyar rashinka.

Solange, babbar ƙofar ita ce daidai. Ni na yi kuskure.