Malam Jafaru da Fatar Kaburburan Dingaya

Da an sallame sallar asuba, Malam Jafaru mai haƙan kabari zai ɗauki jarka biyu ya nufi maƙabartar Dingaya, ya tuɓe takalmi a bakin shinge. Ba rasuwa aka yi ba. Ruwa yake kai wa wani baƙin ɓawo da ya lulluɓe tsofaffin kaburbura, wanda yake kira fatar ƙasa. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan hidima, kuma tuni gari ya yanke masa hukunci: wai mutanen ɓoye yake shayarwa.

Ni ma na yi masa dariya, Allah ya yafe mini. Sai ran da na zo daga Birnin Kudu ziyarar kabarin mahaifiyata, Inna Safiyatu, da ke can gangare, taku goma daga bakin kwazazzabo. Na tarar da Malam Jafaru a wurin, ya ce, "Malam, tsuguna ka gani." Ya tsiyaya ruwa a kan baƙin nan. Wuri tsit, ko kukan tsuntsu babu. Ina kallo abin da na ɗauka matacce ne ya kumbura, ya soma komawa kore, kamar mai barci ya buɗe ido.

"Rai gare shi," in ji shi. "Shi ke riƙe ƙasa, ya hana danshi gudu. To, zafin yanzu ba irin na da ba ne. Yayyafi ya tashe shi, kafin ya ƙoshi rana ta busar da shi. Yau haka, gobe haka, sai ya yi fari. Wanda ya yi fari kuwa, ko randa ka juye masa ba ya amsawa."

Na ga fararen da idona. Daga yamma suke tahowa, kabari bayan kabari, saura layi uku su iso wurin Inna.

Bara waccan samarin gari suka yi gayya don neman lada, suka kankare rabin maƙabarta da fartanya tas, wai datti ne. Da ruwan Agusta ya sauka, sai ya kwashe ƙasar ya zuba kwazazzabo. Ashiru mai awaki ya ce da safe sun tarar da itatuwan kaburbura a fili, ga gefen wani farin ƙyalle yana leƙowa. Malam Jafaru bai zagi kowa ba. Ya mayar da ƙasa, ya riƙa yanko fatar da wuƙa daga gindin tsamiya, faɗin tafin hannu, yana dasawa yana yi mata inuwa da karan dawa. Har kan Inna ya dasa. Bai taɓa gaya mini ba, a bakin Ashiru na ji.

Malam Jafaru, kai ne mai suturta waɗanda ba su da bakin yi maka godiya. Bana gwiwa ta ƙi, dole ka zauna. Na gode maka, ina kuma jin kunyarka. Allah ya lulluɓe ka da rahamarsa.

Jama'a, Malam ya ce in ba a shayar da fatar da ke kan Inna ba, ba za ta kai damina ba. Asabar ɗin nan zan fara koya. Duk mai uwa ko uba a maƙabartar nan ya zo, tun malamin na iya nuna mana da sanda. Ya riga ya nuna mini inda yake so a kwantar da shi, kusa da kabarin matarsa. Wurin fari ne fat.