Fartanyar da Muke Bugawa a Jikin Sifirin

Har gobe ba zan manta da ranar da Oga Sunday ya shigo ma'aikatarmu riƙe da jarkar baƙin mai ba. Ku da kuka zo daga baya, kun tarar ana buga tambarin 'yar fartanya a jikin kowane sifirin da zai fita daga nan Gonin Gora, kuna ganin kamar ba a taɓa ja da ita ba. Saura ƙiris a daina buga ta.

A lokacin ni ne shugaban sashen gwaji, ba abin da zai fita ƙofa sai na duba shi. Kafin nan na yi aiki a kamfanin harhaɗa motoci a Kakuri, har suka tura ni kwas Faransa. Da aka rage ma'aikata sai na bi manyan motoci ina makanikanci: Kwatano, Duwala, Yamai, Injamena. A hanya na tsinci Fulatanci da Yarbanci na ɗora a kan Faransancin. Shi ya sa ake ce mini Baba Faransa, ko da yake sunana Ishaya, mutumin Zonkwa.

Ga wanda bai san aikin ba, sifirin su ne dogayen fallayen ƙarfen da ake jerawa a ƙarƙashin mota su ɗauki nauyi. Muna sayo ƙarfen a masana'antar cikin gida, mu yanka, mu gasa har ya yi jawur, mu lanƙwasa, mu tsoma a mai. A nan yakan yi tauri, amma taurin kwalba. Sai an mayar da shi wuta mai sauƙi ya jima a ciki kafin ya iya lotsawa ya dawo. Fartanyar kuwa tun ƙarfen yana ja ake buga ta. Marigayi mai ma'aikatar, ɗan gidan maƙera, shi ya zaɓe ta. Bayan rasuwarsa matarsa, Madam Rifkatu, ta ci gaba da riƙe wurin.

Oga Sunday shi ne dillalin da ke kwashe mafi yawan kayanmu. Ya dire jarkar a gaban Madam ya ce, "Kayanku na da kyau, matsalarsu ɗaya, sun cika sabunta. Ku bar buga wannan fartanyar. Ku shafe su da baƙin mai, ku bar su ruwan sama ya ɗan taɓa su. Ni kuma in ce tokumbo ne, tsohon kayan Turai, kafin la'asar sun ƙare."

Na ce, "Wato mu tsofar da sabo don ya yi kama da abin da wasu suka yar?"

"Baba Faransa, kai ka je Turai, kwastoma bai je ba. Ya ga fartanya sai ya tambaye ni, mota zai gyara ko gona?"

Abin da ya faɗa game da kwastoma gaskiya ne. Ni ma ba na raina ƙarfen waje. Na riƙe sabonsa a hannuna, mai kyau ne ƙwarai. Amma na ga filayen da ake jibge matattun motoci a Faransa, na kuma ga irin kayan ana sauke su a Kwatano. Sifirin da ya gama gajiya a titin wasu shi muke yi wa maraba a nan. Na faɗa masa haka. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ko mu shafa mai ko ya nemi wasu.

Madam ta kira ni ofis. Ta ce, "Baba, in Sunday ya tafi, rabin mutanen nan za su koma gida. Me zan ce wa matansu a coci?" Na ce mata duk ranar da muka goge fartanyar, in ƙarfenmu ya yi kyau yabon na Bature ne, mu kuwa mun zama masu rina kaya. Ta daɗe tana kallon hoton mijinta a bango, sannan ta aika aka mayar wa Sunday jarkarsa.

Daminar nan, da Sunday ya daina sayen kayanmu, mun ji jiki. Tanderu ɗaya muke kunnawa, kaya na jibge. Wasu ma'aikatan suka daina gaishe ni, ban kuma ga laifinsu ba.

Ana nan sai ga Malam Tanko, direban da ke ɗauko citta daga Kachia. Tun daga bakin ƙofa muke jin muryarsa. Ya wurgo karyayyen falle a tsakar fili, ga fartanyarmu raɗau a jiki.

"Ina mai gonar? Ya fito!"

Na fito na ce, "Ga shi, Malam. Sannu da hanya."

"Riƙe sannunka, Baba! Kwana na yi a daji da kayan mutane."

Na ɗauki fallen na duba bakin karayar. Fari ne ƙal, mai ƙyalli, alamar bai jima a wuta ta biyu ba. Da muka bincika, ashe ranar da aka yi rukunin an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, aka fitar da su a haka. Ban yi masa gardama ba. Na ce laifinmu ne. Muka sa masa sabo kyauta, Madam ta sa aka bi sauran waɗanda suka sayi rukunin aka canja musu. Tun ranar aka kafa dokar da kuke bi yanzu: in wuta ta ɗauke, a sake gashi daga farko.

Na zaci mun gama yawo. Amma da Malam Tanko zai hau mota sai ya tsaya yana dariya. Ya ce, "Ka san wani abu, Baba? Tokumbo ya sha karye mini. Wa zan je in yi wa ihu? Yau ne karo na farko da na zagi mai ƙarfe ya tsaya ya saurare ni."

Wannan labarin ya kai tasha. Direbobin citta suka fara zuwa, sai na doya daga Binuwai, kowa na cewa a ba shi mai fartanya, wanda in ya karye an san gidan ubansa. Kafin Kirsimeti mun kunna tanderu na biyu, ba wanda aka sallama.

Oga Sunday ya dawo da kansa, babu jarka. Ya zagaya, ya shafa fallaye, ya ce, "Baba Faransa, wannan fartanyar ta yi ƙanƙanta. Ba za ku ƙara mata girma ba? Kwastoma na wahalar ganin ta."

Madam ta ce, "Mota zai gyara ko gona?" Kowa ya fashe da dariya, har shi.

Na ga ƙarfen ƙasashe da yawa, ban ga wanda ba ya karyewa ba. Abin da na koya a aikin nan shi ne, mutanenmu ba ƙin na gida suke yi ba, sun gaji ne da kayan da ba mai tsaya musu. Saboda haka in an miƙa maka guduma ƙarfe yana ja, ka buga fartanyar da ƙarfi ta fito sosai. Adireshinmu ke nan, ranar yabo da ranar zagi.