Kofin Da Na Ƙi Karɓa Daga Hannun Kawu

Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu na cewa na tafi Libiya. Ban je ko'ina ba. Ciwon suga ne ya kwantar da ni.

Da ƙishirwa ya fara, da yawan fitsari. Sai wani ɗan ƙurji a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, har na kasa hawa kabu-kabuna. Da aka auna jinina a nan Gure, majo, babban ma'aikacin asibitinmu, ya ce, "Ka bar shayi." Na ce na bari. Da la'asar ina fada, majalisarmu ta shan shayi, kofi a hannuna.

Kun san shayinmu, suga ya fi ganye yawa, kuma wanda aka miƙa wa ba ya cewa a'a.

Ƙafar ta ruɓe, aka wuce da ni Damagaram, aka yanke yatsan. Ragunan Falmata, matata, duk sun tafi a magani. Kullum da safe wankin ciwo, ni ƙato ina cizon zane. Na ji tsoro ƙwarai. Lokotoro, wato likitar, ta ce, "In ka sake dawowa, daga gwiwa ne."

Na rantse wa Falmata na bar shayi. Ta ce, "Malam, kai kanka ka yarda?"

Ban yarda ba. In na ce wa fasinja asuba, asuba zai gan ni, amma maganata da kaina ba ta kai yamma.

Sai na daina manyan rantsuwa. Kowace safiya in ce yau kaɗai: in sha magani, in duba ƙafa, ban da suga. Kuma na koma fada, don kofi ba zai ɓoye ni a ɗaki ba. 'Yan fada suka yi ta tsiya, wai na zama ɗan lokotoro. Ku yi ta yi!

Ranar sunan ɗan ƙanena a Kelle, Kawu Bukar da ya rene ni ya miƙo mini kofi da hannunsa, gaban jama'a.

"Karɓi, guda ba ya kisa."

Na durƙusa. "Kawu, a yi mini haƙuri, na yi alkawari."

"Da wa?"

"Da kaina."

"Au, yau hannuna ne ka fi ƙarfi?" Ya watsar da shayin a ƙasa.

Ni dai ban sha ba.

Alhamdu lillahi, ciwo ya rufe, suga ya sauka, na koma aiki. Falmata, Allah ya saka miki da Aljanna. Masu dubiya, na gode.

Wanda ƙishirwa ta dame shi ya je a auna shi. Ƙurjin ƙafa ba abin rainawa ba ne. Ku kuma masu miƙo kofi, in mara lafiya ya ce a'a, ku janye hannu.

Kawu har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata, kuma abin na ci mini rai. Juma'a zan koma in sake gaishe shi, da ƙafafuna biyu.